Cokalin Asama'u

Tun da ruwan Kainji ya tashi garuruwa ba a yi wa ɗan Adam zalunci a ƙasar Yawuri irin wanda matata Saratu ta yi mini ba. Ni Mainasara, mai awon kifi a bakin ruwan Yelwa, wanda sikelinsa bai taɓa kuskure ba, wai ni aka tuɓe daga muƙamin ba yarinya magani! Kwalba tana cikin akwati, mabuɗi yana wuyan Saratu.

Ga yadda aka yi. Ɗiyarmu Asama'u, 'yar shekara bakwai, ta dinga kukan ƙirjinta na zafi, ta ci loma biyu ta ture kwano. Muka kai ta asibiti. Likita ya ce cikin kowa yana tsattsafo da wani ruwa mai tsami don narka abinci, nata ne ya yi yawa har yana ƙona ta. Maganin ba wanke ruwan yake yi ba, rage fitowarsa yake yi, kamar a toshe rabin idon rijiya, har wurin da ya ƙone ya samu ya warke. Ya ɗora ta a sikeli: kilo ashirin.

"Yaro da nauyinsa ake auna masa," in ji shi. "Cokali guda da safe, guda da yamma. Ban da yaji."

Abin ya burge ni, don awo sana'ata ce. Ni ma na haye sikelin, raha kawai. Kilo tamanin cif, duk tsoka. Likita ya yi dariya, sannan ya ce in mako biyu suka cika ba sauƙi, sai babban asibitin Sakkwato. Saratu ta dafe kai. Wuni guda a mota, da yarinya marar lafiya!

Na karɓi kwalba da hannuna. Magani ne garai-garai, mai zaƙi, mai ƙamshin na'ana'a. Na ce aikin awo ba na kowa ba ne, a bar wa masu shi. Safe da yamma ina ba ta cokalinta, ko ɗigo ba ya zuba.

Kwana huɗu, shiru. Kwana bakwai, yarinya na nan tana riƙe da ƙirji.

"Baba, maganin ga ya bar zaƙi."

"Bakinki ne ya saba, uwata. Haɗiye."

Na zagi zafin gari. Na tuhumi miyar Saratu. Har na fara shakkar karatun likita. Saratu ta ɗaga kwalba ta duba a hasken rana, ta ce, "Maigida, mi ya sa ba ta raguwa?" Na ce haka albarkar hannu mai kula take.

Abin da ya ɗan rage mini damuwa, a makon nan ne na kunyata Tanimu mai gashin kifi, wanda ya shekara yana yaɗa ƙarya wai yaji ya fi ƙarfina, wai yana ganina ina shafa ƙirji a ɓoye. Na zauna gaban jama'a na cinye kifin ragon ruwa uku, jajawur da barkono, ko gyatsa ban yi ba. Har masunta suka tafa.

Kwana goma, Saratu ta yafa gyale, ta ɗauki kwalba ta nufi asibiti. Ban san abin da suka tattauna da likita ba. Ta dawo da sabuwar kwalba da sabon kwaɗo, ta yi mini wani kallo, ta wuce ɗaki.

Kwana huɗu da wannan juyin mulki Asama'u ta share kwanon tuwon shinkafa ta nemi ƙari, ta fita tana korar awakin maƙwabta. Zancen Sakkwato ya mutu. Na ɗauke ta na yi ta juyi a tsakar gida har hulata ta faɗa randa. Saratu na dariya, amma mabuɗi bai bar wuyanta ba.

Yau ga ni, ƙirji kamar murhun Tanimu, ba mai tausayi. To ku faɗi gaskiya, ina kuskuren awona? Kilo ashirin cokali guda, kilo tamanin cokali huɗu, safe da yamma, kuma ban taɓa mayar da kwalbar nan ba sai na cika wa yarinya abinta da ruwan randa har wuya.