Shawarar Anti Tauraruwa

Malama Mu'minatu na tsakiyar rubuta babi na tara saƙon ya shigo. A Tambuwal malamar firamare ce. A waya kuwa ita ce Anti Tauraruwa, wadda 'yan mata ke bin labaranta ba su san fuskarta ba.

"Anti, na samu gurbin karatun jinya a Sakkwato, innata ta hana. Ko zaure ba ni leƙawa. Mi zan yi?"

Ran Mu'minatu ya ɓaci. Ta rubuta: "Tsoro ne ke cinta. Kai mata takardar, ki nuna mata saƙona."

Ba ta aje wayar ba aka ɗaga labule. Ɗiyarta Madina ce, riƙe da takarda da wayar ƙawarta.

"Inna, Anti Tauraruwa ta ce in nuna miki."