Kangon da Ya Burge 'Yan Kallo

"Wai fatalwa da agogo a hannu." Darakta ya ja tsaki, ya ci gaba da karanta ra'ayoyin 'yan kallo a wayarsa. Wani ya ce jinin jan fenti ne. Wata ta ce ko jaririnta dariya ya yi ta yi.

Keken ɗinkin matarsa ya sayar ya yi fim ɗin nan. Ita ce ma ta fito a fatalwar, lulluɓe da zanen gado.

"Mutanen nan ba su san wahala ba," ya ce mata. Tana ninke kaya tana zubawa a jakarta.

Can sai fuskarsa ta washe. "Yauwa, ga mai hankali. Saurara: 'Fim ɗin shirme ne, amma wanda ya tsara kangon nan ya iya aikinsa. Bango a tsage, silin ya rufto, ƙofa tana kuka. Ko akuya ba za ta kwana a ciki ba.'"

Matar ta ɗaga kai ta dubi silin ɗin falonsu, ta dubi bangon da ta wuni tana gogewa don kada su ji kunya a fim. Ta zuge jakarta.

"Ka rubuta musu," ta ce, "fatalwar ma ta tashi."