Izinin Mutum Biyu a San Marko

Tun da birnin Venis ya fara nutsewa, baƙo ba ya shiga dandalin San Marko sai ta wata ƙofa mai ƙirga bugun zuciya. Wanda ya shigar da mutum a ɓoye, a ranar ake korarsa daga birnin.

Tanimu da matarsa Hansatu sun zo daga Katsina da izinin mutum biyu. Suna shiga ƙofar, har sun hango hasumiyar cocin da ke dandalin, sai fitila ta yi ja, ƙarfe ya rufe su gaba da baya.

"Ina na ukunku?" in ji mai gadi ta na'urar fassara.

"Mu biyu ne, yallaɓai," in ji Tanimu.

Aka zazzage jakarsu, aka fitar da shi. Hansatu ta tsaya ita kaɗai, ƙofar ta nuna biyu.

Mai gadin ya dubi cikinta, ya sunkuyar da kai. "Doka ba ta ware wanda ba a haifa ba."

Sun nemi haihuwa har sun fid da rai. Cikin kwalekwalen da ke fitar da su daga birnin, Tanimu ya riƙe hannun Hansatu.

"Maigida," ta ce a hankali, "ƙofa ta riga ni sani."