Hotunan da Suka Dushe a Shagon Baba

Hoton direban da Baba ya ɗauka ya fito dishi-dishi, kamar an ɗauke shi ta bayan labule. Shi ne na huɗu a makon nan. Auta ta juya fuskar kwamfuta don kada mutumin ya gani, ta ce masa wuta ce ta yi wasa, ya daure ya koma kujera ta sake ɗauka.

Baba na bakin ƙofa yana goge gilashin kyamara da ƙyalle, kamar ba a yi komai ba. Shekara talatin da biyu yana ɗaukar hoto a shagon nan. Mutum ne mai taurin kai a kan sana'arsa: da hannu yake murɗa gilashi har fuska ta fito tar, bai yarda na'ura ta yi masa ba. Kuma ko za a yanka shi ba ya goge hoto mai kyau, ya ce tamkar korar baƙo ne daga gida. Kyamararsa katin ajiye hoto biyu take ci, baƙi na kwastomomi, shuɗi na iyali, wanda babu mai taɓawa sai shi.

Wata uku ke nan da idonsa ya fara ba shi matsala. Auta ba za ta manta lokacin ba, don a makon ne takardarta ta iso: wata jami'a a ƙasar waje ta ba ta gurbin digiri na biyu. Jami'ar ta ɗauke mata rabin kuɗin, sauran rabin sai an sayar da filin da marigayiya Inna ta bar mata.

Dangi suka yi caa. Gwaggo ta zo takanas ta ce, “Ke yanzu filin uwarki za ki sayar ki sayo takarda? Wadda ke hannunki me ta tsinana miki?” Kawu ya tuna mata da Yaya, wanda ya tafi da sunan shekara biyu, yau shekara tara ke nan sai dai a ga goshinsa a waya. Baba kuwa ya saurare su, ya tashi ya tsallake wayoyin fitilun da ke warwatse a ƙasa, ya shige ciki.

Surutun dangi bai taɓa hana Auta cin abinci ba. Idon Baba ne ya hana ta. Yanzu sai ya danna sau ɗaya, ya tsaya yana lalube-lalube a bayan kyamarar, sannan ya sake dannawa. Na farkon ko bayyana ba ya yi a baƙin kati, na biyun kuma hazo. Ta roƙe shi su je wurin likitan ido har ta gaji, kullum amsarsa ɗaya: “Tsufa ne, Auta. Likita ba ya maganin tsufa.”

Tsoro ya zauna mata a ƙirji. In tana shara sai ta hango shi shi kaɗai a gida yana laluben kwalbar magani, ya ɗauki wata a maimakon wata. In mota ta ci birki a titi sai ta leƙa ta ga ko shi ne. Wani tsoron kuma, wanda take jin kunyarsa, shi ne na kanta: ta ga ta tsufa a shagon nan tana cewa mutane su ɗaga haɓa, takardar jami'a na cikin akwati tana yin ja.

Ranar Alhamis wa'adin ba da amsa zai cika, ƙarfe huɗu na yamma. Ranar da safe ta rubuta saƙon: tana godiya, amma ba za ta samu zuwa ba. Ta bar shi a buɗe a kwamfuta, don ta kasa turawa.

“Baba, na fasa,” ta ce masa bayan azahar. “Zan karɓi shagon. Sai a mayar da rajista da sunana, suna son hoto ɗaya.”

Ya ce, “Zauna. Ni zan ɗauke ki.”

Ta zauna a kujerar da ta zaunar da mutane ba adadi. Ya gyara mata fitila, ya ja da baya taku huɗu. “Share idonki,” ya ce, “hawaye na ɓata hoto.” Ta share. Sau ɗaya ya danna. Ya miƙa mata kyamarar, ya ce zai je ya wanke fuska.

Babu hotonta a baƙin kati. Sai ta tuna: ai ita iyali ce, hannunsa ya saba. Ta zaro shuɗin, karon farko a rayuwarta, ta zura a kwamfuta kusa da saƙon da ke jiran yatsanta. Saura minti ashirin huɗu ta cika.

Fuskarta ta fito tar, har gashin ido ana iya ƙirgawa. Ta matsa baya. Ga direban nan, fes. Ga malamar jinya ta makon jiya, ga jaririn da uwarsa ta fita tana masifa, ga duk kwastomomin wata uku, kowanne raɗau, kowanne an ɗauke shi minti ɗaya kafin ɗan'uwansa da ya dushe.

Idon Baba lafiyarsa ƙalau: da gangan yake murɗe gilashi don kada autarsa ta tafi, abu ɗaya kawai ya gagare shi, ya goge hoto mai kyau.