Wurin da Na Tsare wa Hafsatu

Ranar da muka shiga aji huɗu a makarantarmu ta Barnawa, sabuwar malama aka ba mu. Da rana ta ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da na abokinsa, don ta san mu.

Ni kuwa na ajiye jakata a kan benci, ina tsare wa Hafsatu wuri. Tun aji ɗaya tare muke zama. An yi rikici a gari lokacin hutu, amma ba wanda ya gaya mini komai game da gidansu.

Da aka zo kaina na ce, "Ƙawata Hafsatu ce. Ta makara ne."

Malama ta bi rajista da yatsa har ƙasa, ta sake bi. Sai ta zo ta durƙusa a gabana.

"'Yata, an cire sunanta, sun koma ƙetaren kogi. Ɗauke jakar, wata za ta zauna."

Na ɗauke. Wata yarinya ta zauna tana murmushi, na kasa kallonta.

Da na girma na yi cigiya har na gaji. Abin da ke cina har yau shi ne ranar hutu ko sallama ba mu yi ba.