Ruwan Mangwaro a Bakin Tekun Jidda

Ina 'yar shekara tara Baba ya ɗauke ni daga gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka, ya ce yau mu ma yawon buɗe ido za mu, mu ga tekun Jidda. Rigarsa ta Juma'a ya saka.

Da la'asar muka zauna a wani shagon lemo a bakin ruwa, dogayen benaye na gilashi suna ƙyalli a bayanmu. Baba ya saya min ruwan mangwaro. Can sai ga mai shagon cikin farar jallabiya, yana ƙamshin turare mai tsada. Ko sallama bai yi ba. Ya dubi Baba ya ce da Larabci, "Kai Takari, direbobi a waje suke jiran iyayen gidansu."

A Makka aka haifi Baba, ya fi mutumin iya Larabci. Amma sai ya miƙe, ya ce min a hankali, "Taso, Mamana, mu tafi."

Na taso. Da na zo daidai mutumin, na watsa masa abin da ke kofina, tun daga ƙirji har gwiwa. Muka fita yana ihu.

A mota Baba ya ce, "Ba haka na koya miki ba."

Kafin ya rasu ya ce min ya yafe wa mutumin. Ni ban yafe ba. Har yau baƙin cikina ɗaya ne, na riga na shanye rabin ruwan mangwaron kafin mutumin ya iso.