Wasiƙarta a Bakin Jarumarsa

Daraktan ya ɗosana a bakin kujerar falon yayan tsohuwar budurwarsa yana murza hularsa. Ita kuwa ta kife littafin da take karantawa a cinya, idonta na kan talabijin. Sabon fim ɗinsa ya kawo mata a faifai kafin ya shiga kasuwa, don duk fim ɗin da ta yaba a shafinta na sharhin finafinai sai ya samu karɓuwa, wanda ta kushe kuwa ya kwanta.

Shekara biyu ke nan da ya fasa aurenta ya auri jarumarsa, auren kuma bai je ko'ina ba.

Ana tsakiyar fim ta tsayar da hoton daidai inda jarumar ke hawaye.

"Maganar nan da ta yi, wa ya rubuta?"

Ya sunkuyar da kai. "Daga wasiƙarki ta ƙarshe na ɗauko. Har yau tana wurina. Ba sharhi kaɗai ya kawo ni ba, so nake in turo manyana."

Ta juyo ta dube shi. Gabanta ya faɗi kamar da, ta ji haushin kanta.

"Ina kuka na rubuta ta, ka ɗauka ka sa a bakin wadda ka bar ni dominta."

"Ki yafe min."

Ta cire faifan ta miƙa masa da yatsu biyu.

"Gobe zan saki sharhina. Zan ce wuri ɗaya ne ke da rai a fim ɗin nan, in kuma faɗi wadda ta rubuta shi. Manyanka kuwa, bar su su huta, Darakta."